Yaƙi, Kwamandoji da Bauta a Farkon Tarihin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya nutsu ya karanta tarihin kafuwar Amurka zai ci karo da wani al'amari mai nauyi a zuciya, wato mutanen da suka ɗauki makami suna kukan cewa Sarkin Ingila na neman mayar da su bayi, da yawa daga cikinsu suna riƙe da bayi a gandayensu. Tambayoyin da ke tafe sun shafi yadda shugabannin soja na ɓangarorin biyu suka yi da waɗannan bayi, da yadda su kansu bayin suka yi amfani da ƙofar da yaƙi ya buɗe musu.

Bayi nawa ne a ƙasar lokacin da yaƙin neman 'yancin kai ya ɓarke?

A watan Afrilun 1775, sa'ad da aka fara musayar wuta a Lexington da Concord, mutanen yankuna goma sha uku da ke ƙarƙashin Ingila sun kai kimanin miliyan biyu da rabi, kuma wajen 500,000 daga cikinsu bayi ne, wato mutum ɗaya cikin kowane biyar. Mafi yawansu suna kudu. A Virginia da Maryland taba suke nomawa, a Carolina ta Kudu da Jojiya kuma shinkafa a fadamu da baba na rini. A Carolina ta Kudu baƙaƙe sun riga sun fi Turawa yawa tun farkon ƙarni na 18. Arewa ma hannunta dumu-dumu yake a ciki, domin doka ta halatta bauta a dukkan yankunan, birnin New York cike yake da bayi, kuma jiragen Rhode Island ne kan gaba cikin jiragen yankunan da ke zuwa gaɓar Afirka sayen mutane.

Ga kwamandan soja, wannan adadi yana nufin abubuwa uku a lokaci guda: hannayen da ke noma abincin runduna, samarin da za a iya ɗauka aikin soja, da kuma jama'ar da za ta iya tasowa ta bayan sansani idan iyayengiji sun tafi fagen fama. Kusan duk shawarar da aka yanke a kan bayi a tsawon yaƙin daga ɗaya cikin waɗannan ukun ta fito.

An taɓa bai wa bayi makami kafin 1775?

An yi, amma kullum da fargaba, kuma da zarar haɗari ya wuce sai a karɓe. Tun wajen 1640 dokar Virginia ta cire baƙaƙe daga cikin waɗanda aka wajabta wa riƙe makami. A tawayen Nathaniel Bacon na 1676, bayi baƙaƙe da Turawa 'yan ƙwadago masu aikin yarjejeniya sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa har suka ƙone Jamestown, abin da ya tsorata masu mulki ƙwarai, suka shiga kafa dokokin da za su raba talakan Bature da bawa. A Carolina ta Kudu, lokacin yaƙin Yamasee na 1715, da Turawa suka ga 'yan asalin ƙasar na neman share su, sai suka ɗauki ɗaruruwan bayi suka ba su bindigogi.

Abin da ya rufe wannan ƙofa shi ne tawayen Stono na ranar 9 ga Satumban 1739. Bayi kimanin ashirin suka fasa wani shago suka kwashi bindigogi, suka nufi kudu suna kaɗa ganga, jama'a na ta shiga cikinsu a hanya. Florida suka dosa, wadda ke hannun Sifaniya, domin tun 1693 Sarkin Sifaniya ya yi alkawarin 'yanci ga bawan da ya gudo daga Ingilishi ya karɓi ɗariƙar Katolika. A 1738 har an kafa wa irin waɗannan mutane gari mai ganuwa kusa da St. Augustine, ana kiransa Mose, wanda Francisco Menéndez, mutumin Mandinka, ke shugabantar mayaƙansa. An murƙushe 'yan Stono, aka kashe da yawansu, sannan dokar 1740 ta tsananta hana bayi taruwa da koyon rubutu. Daga nan rundunar sa-kai ta kudu ta zama mai aiki biyu, tsaron iyaka da sintirin bayi, kuma na biyun ne ya fi cin lokacinta.

Me ya sa George Washington ya hana baƙaƙe shiga soja da farko, sannan ya janye?

Da ya isa Cambridge a watan Yulin 1775 domin karɓar ragamar rundunar haɗin gwiwa, ya tarar da baƙaƙe cikin sahu. An harbi Prince Estabrook a Lexington, Peter Salem da Salem Poor kuma sun yi yaƙi a Bunker Hill, har hafsoshi goma sha huɗu suka sa hannu a takardar yabon Poor. Washington mutumin Virginia ne da ya gaji bayi goma yana ɗan shekara 11, kuma ya san cewa wakilan kudu ba za su yarda da rundunar da ke koya wa baƙaƙe harbi ba. A watan Oktoba majalisar hafsoshinsa ta yanke shawarar kada a ɗauki bawa ko 'yantacce, aka fitar da umarnin a Nuwamba.

Hanin bai yi wata biyu ba. Wa'adin yawancin sojojinsa na ƙarewa a ƙarshen shekara, sababbi ba sa zuwa yadda ake so, ga kuma labarin abin da gwamnan Ingila ya yi a Virginia. Ranar 30 ga Disamba ya ba da izinin sake ɗaukar 'yantattun baƙaƙe, majalisar yankunan da ke zama a Philadelphia kuma ta amince a Janairun 1776 ga waɗanda suka riga suka yi aiki. Ƙarancin mutane ne ya sauya umarnin, kuma yayin da yaƙin ya yi tsawo, masu ɗaukar soja a arewa suka daina tambayar launin wanda ya zo.

Shin Lord Dunmore mai ƙin bauta ne?

A'a. Shi ma yana da bayi. Gwamnan Virginia ne da 'yan tawaye suka kora daga Williamsburg, ya koma cikin jirgin ruwa da sojoji ƙalilan. Sanarwarsa mai ɗauke da ranar 7 ga Nuwamban 1775 ta yi alkawarin 'yanci ne kawai ga bayin 'yan tawaye waɗanda za su iya ɗaukar makami su shiga rundunar Sarki. Bayin masu biyayya ga Sarki ba sa ciki. Manufarsa ita ce ya samu sojoji, ya kuma tilasta wa masu gandaye su koma gida gadin dukiyarsu.

Duk da haka bayi sun amsa, maza da mata da yara, wasu cikin kwale-kwale da dare, alhali mahukuntan Virginia sun yi shelar kisa ga duk wanda aka kama. Ya haɗa mazan cikin rundunar da ya sa wa sunan Habasha, suka yi yaƙi a Great Bridge ranar 9 ga Disamba, inda aka ci su. Cutar agana da zazzaɓi suka yi musu mummunar ɓarna a cikin jirage da kuma tsibirin Gwynn, ta yadda da Dunmore ya bar Virginia a Agustan 1776, 'yan ɗaruruwa ne suka rage tare da shi. Tasirin sanarwar a siyasa ya fi na fagen fama. Masu gandaye da yawa da ke jan ƙafa a kan ɓallewa daga Ingila sun yanke shawara bayanta, kuma takardar shelar 'yancin kai ta 1776 ta lissafa tunzura tawaye a cikin gida cikin laifukan Sarki.

A ranar 30 ga Yunin 1779 Janar Henry Clinton, kwamandan sojojin Ingila, ya faɗaɗa alkawarin a sanarwar Philipsburg, ya haɗa duk bawan ɗan tawaye da ya tsallako, ko zai yi yaƙi ko ba zai yi ba. Ƙiyasin da masana da yawa suka fi amincewa da shi a yau shi ne kimanin bayi 20,000 ne suka gudu zuwa wajen Ingilishi a tsawon yaƙin.

Baƙaƙe nawa ne suka yi yaƙi a ɓangaren Amurka?

Adadin da aka saba ambata shi ne kimanin 5,000. Wani ƙidayar runduna na watan Agustan 1778 ya nuna baƙaƙe 755 a babbar rundunar Washington kaɗai, warwatse cikin bataliyoyi tare da Turawa. Wasu 'yantattu ne, wasu kuma iyayengijinsu ne suka tura su a madadinsu da alkawarin 'yanci.

Misali mafi shahara shi ne na Rhode Island. Bayan wahalar hunturun da rundunar Washington ta sha a sansanin Valley Forge, jihar ta kasa cika adadin sojojin da aka ɗora mata, sai Janar James Varnum ya kawo shawarar a ɗauki bayi. Washington ya aika wasiƙar Varnum ga gwamnan jihar bai ƙara kalma ta goyon baya ko ta suka ba. A Fabrairun 1778 majalisar jihar ta yi dokar cewa bawan da ya shiga soja ya zama ɗa, gwamnati kuma za ta biya ubangidansa abin da bai wuce fam 120 ba. Masu bayi suka yi ca, aka soke dokar bayan wata huɗu, lokacin da bayin da suka shiga ba su kai ɗari ba. Bataliyar, ƙarƙashin Kanar Christopher Greene, ta tsaya daram a yaƙin Rhode Island ranar 29 ga Agustan 1778, kuma ta kasance a Yorktown a 1781.

Me ya sa kudu ta ƙi bai wa bayi makami ko da tana shan kashi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi bayyana abin da shugabannin kudu suka fi daraja. Savannah ta faɗa hannun Ingilishi a ƙarshen Disamban 1778, Carolina ta Kudu kuma ta sanar da majalisar Philadelphia cewa ba ta iya fitar da mayaƙan sa-kai da yawa, saboda dole maza su zauna gida su hana bayi tawaye ko gudu. A nan ne John Laurens, matashin hafsa kuma na hannun daman Washington, ya matsa da shawarar da ya daɗe yana ɗauke da ita. Mahaifinsa, Henry Laurens, ya taɓa shugabantar majalisar, kuma a da yana cikin manyan dillalan bayi na Charleston. Ɗan ya yi imani cewa bauta zalunci ce, kuma aikin soja zai iya zama hanyar fita daga cikinta. Alexander Hamilton, wani na hannun daman Washington, ya goyi bayansa da wasiƙa zuwa ga John Jay, shugaban majalisar a lokacin.

Ranar 29 ga Maris 1779 majalisar ta ba da shawarar Carolina ta Kudu da Jojiya su ɗauki bayi 3,000, a biya kowane ubangida har dala 1,000 a kan bawa guda, bawan da ya yi aiki da gaskiya har ƙarshen yaƙi kuma ya samu 'yanci da dala 50. Sai dai an bar zartarwa a hannun jihohin biyu. Washington bai sa nauyinsa a kan shirin ba. Ya rubuta wa Henry Laurens cewa Ingilishi ma za su iya yin haka, sannan 'yantar da wasu zai sa bauta ta ƙara yi wa waɗanda suka rage ɗaci. Mahukuntan Carolina ta Kudu suka yi watsi da shawarar cikin fushi. A watan Mayun 1780 Janar Benjamin Lincoln ya miƙa Charleston tare da sojoji kimanin 5,000, asara mafi girma da Amurkawa suka yi a yaƙin baki ɗaya.

Laurens ya sake kawo maganar a 1782, wannan karon da goyon bayan Janar Nathanael Greene, kwamandan rundunar kudu, aka sake kayar da ita. Abin da aka yarda da shi a maimakonta ya fi muni. A 1781 Janar Thomas Sumter ya yi wa duk wanda ya shiga rundunarsa na wata goma alkawarin bawa guda, hafsoshi kuma su samu fiye da haka gwargwadon muƙami, kuma daga gandayen masu biyayya ga Sarki za a kwaso bayin. Mutanen da aka ƙi yarda su yi yaƙi don 'yancin kansu sun zama albashin masu yaƙin neman 'yanci. A ganina babu wani abu a tarihin wannan yaƙi da ya fi wannan abin kunya. An kashe John Laurens a wata 'yar arangama a bakin kogin Combahee ranar 27 ga Agustan 1782, yana ɗan shekara 27.

Me ya sami bayin da ke tare da Cornwallis a Yorktown?

Yayin da rundunar Cornwallis, janar ɗin Ingila, ke ratsa Virginia a 1781, dubban bayi sun bi ta, ciki har da na Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar shelar 'yancin kai. Su ne suka haƙa ramuka suka gina katangun Yorktown. Da sojojin Amurka da na Faransa suka yi wa garin ƙawanya, abinci ya yi ƙaranci, agana kuma ta yaɗu, sai Cornwallis ya sa aka kore su zuwa filin da ke tsakanin rundunonin biyu, inda da yawa suka mutu da cuta da yunwa. Bayan miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba, Washington ya ba da umarnin a tattara waɗanda suka tsira a tsare har masu su su zo su ɗauka. Shi kansa ya dawo da wasu daga cikin mutane 17 da suka gudu daga gandunsa na Mount Vernon a watan Afrilun shekarar, lokacin da wani jirgin yaƙin Ingila ya tsaya a kogin Potomac.

A ɗaya ɓangaren akwai James, bawan William Armistead, wanda ya shiga sansanin Ingilishi kamar ɗan gudun hijira yana kai wa Janar Lafayette, Bafaranshen da ke yaƙi a ɓangaren Amurka, rahoto. Da yaƙi ya ƙare sai ya koma bauta, domin dokar Virginia ta 1783 sojoji ta 'yanta, shi kuma ɗan leƙen asiri ne. Sai a 1787, bayan takardar shaida daga Lafayette, majalisar jihar ta 'yanta shi.

Shin Ingilishi sun cika alkawarinsu bayan yaƙi?

A wani wuri sun cika, a wani wuri sun saɓa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris ta ce sojojin Ingila su fice ba tare da sun tafi da baƙaƙe ko wata dukiyar Amurkawa ba. Ranar 6 ga Mayun 1783 Washington ya gana da Sir Guy Carleton, kwamandan Ingila a New York, a Orangetown, ya nemi a mayar da bayin. Carleton ya ƙi. Ya ce mutanen da suka tsallako bisa alkawarin janar-janar na Sarki sun riga sun zama 'ya'ya kafin a sa hannu a yarjejeniyar, mayar da su cin amana ne, kuma idan daga baya aka ga an saɓa yarjejeniya to sai a biya diyya. Domin haka ya sa aka buɗe rajista, aka rubuta sunan kowane mutum da kamanninsa da sunan tsohon ubangidansa, kimanin mutum 3,000, aka ɗebe su a jirage, yawancinsu zuwa Nova Scotia a ƙasar Kanada ta yau. Wannan tsayuwa ta Carleton ta cancanci yabo. Amma a Savannah da Charleston a 1782, dubban baƙaƙen da aka kwashe bayin masu biyayya ga Sarki ne, kuma a matsayin bayi aka kai su Jamaika da Florida da sauran wurare.

A Nova Scotia an ba su ƙasa mai duwatsu, wasu ba a ba su komai ba, kuma a 1784 Turawa tsofaffin sojoji suka far wa baƙaƙen Shelburne. Thomas Peters, tsohon sajan a rundunar Sarki, ya kai kuka Landan, kuma a Janairun 1792 jirage 15 suka tashi daga Halifax da mutane kusan 1,200 zuwa Saliyo, inda suka kafa Freetown. Cikinsu akwai Harry Washington, haifaffen yankin Gambiya, wanda George Washington ya saya a 1763, ya gudu a 1776. Ya zama manomi a Saliyo, kuma a 1800 yana cikin waɗanda suka yi wa kamfanin Ingilishi mai mulkin garin bore a kan harajin ƙasa, aka kore shi daga garin.

Ra'ayin Washington a kan bauta ya sauya kuwa?

Ya sauya a cikin wasiƙu, amma a aikace ya yi jinkiri har mutuwa. William Lee, bawan da ya saya a 1768, yana gefensa a dukkan shekarun yaƙin. Lafayette ya rubuto masa a 1783 yana ba da shawarar su sayi gandu tare su gwada 'yantar da bayi su mayar da su manoma 'yan haya. Washington ya yaba da kyakkyawar zuciyarsa, ya ɗage maganar, Lafayette kuma ya yi gwajin shi kaɗai a Cayenne, yankin Faransa a Kudancin Amurka. A 1786 Washington ya rubuta wa Robert Morris cewa yana fatan a kawar da bauta ta hanyar doka, amma bai taɓa faɗin haka a bainar jama'a ba, alhali babu wanda maganarsa ta kai tasa nauyi a ƙasar.

Da ya zama shugaban ƙasa yana zaune a Philadelphia, dokar Pennsylvania ta 1780 ta ba da 'yanci ga bawan baƙo da ya cika wata shida a jihar, sai ya riƙa fitar da bayin gidansa daga jihar kafin wa'adin ya cika. Ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka gudu a 1793. Da Ona Judge, kuyangar matarsa, ta gudu zuwa New Hampshire a Mayun 1796, ya yi ta neman a dawo da ita, bai samu ba. Lokacin rasuwarsa a 1799 akwai bayi 317 a Mount Vernon, 123 daga cikinsu nasa ne. Wasiyyarsa ta 'yanta William Lee nan take, sauran kuma bayan mutuwar matarsa Martha, wadda ta sake su a ranar 1 ga Janairun 1801. Waɗanda ke cikin gadon mijinta na fari ba shi da ikon 'yanta su, aka raba su tsakanin jikokinta, iyalai da yawa suka watse saboda auratayya ta riga ta haɗa ɓangarorin biyu.

Akwai Musulmi ko Hausawa cikin waɗannan bayi?

Musulmi kam akwai, musamman daga Senegambiya da Futa. An kai Ayuba Sulaiman Diallo na Bundu gonar taba a Maryland a 1731, ya samu komawa gida a 1734. Abdurrahman Ibrahim Sori, ɗan Almami na Futa Jalon kuma kwamandan mayaƙa, an kama shi a yaƙi wajen 1788, ya yi shekara arba'in a bauta kusa da Natchez, ya rasu a Laberiya a 1829. Labarinsa yana tuna mana cewa yaƙe-yaƙen Afirka ne suka cika jiragen, kuma cikin waɗanda aka sayar akwai ƙwararrun mayaƙa.

Daga cikin mutane kimanin miliyan goma sha biyu da rabi da aka loda a jirage, wajen 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa, mafi yawansu daga Kongo da Angola, Senegambiya, gaɓar Ghana ta yau da ƙasar Ibo. Hausawa sun fi yawa a jiragen da suka nufi Bahia a Birazil, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804, kuma su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a can a 1807 da 1814. Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi daga farkon 1808.

Yaƙin ya raunana bauta ne ko ya ƙarfafa ta?

A arewa ya raunana ta. Vermont ta fara a 1777, Pennsylvania ta yi dokar 'yantarwa sannu a hankali a 1780, kotunan Massachusetts suka kawo ƙarshenta a 1783 bayan ƙararrakin da bayi irin su Elizabeth Freeman da Quock Walker suka shigar, New York ta bi a 1799, New Jersey a 1804. A Virginia dokar 1782 ta sauƙaƙa wa mutum 'yanta bayinsa, kuma Robert Carter na uku ya fara sakin fiye da 450 a 1791.

A kudu kuwa ta fito da ƙarfinta. Tsarin mulkin 1787 ya ƙidaya kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisa, ya hana taɓa cinikin bayi na teku kafin 1808, ya kuma wajabta mayar da wanda ya gudu. Dokar mayaƙan sa-kai ta 1792 ta taƙaita aikin ga Turawa, shekara tara kacal bayan yaƙin da baƙaƙe suka zubar da jini a cikinsa. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000, zuwa 1860 sun kusa miliyan huɗu. Labarin Nathanael Greene ya nuna yadda abin ya tafi. Ɗan gidan Quaker ne, wato wata ɗariƙar Kirista da ta yi fice wajen ƙin bauta, daga Rhode Island, ya nemi a bai wa bayi makami da 'yanci, amma da Jojiya ta saka masa da gandun Mulberry Grove sai ya noma shi da bayi. A wannan gandu ne, bayan rasuwarsa, Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, wanda ya sa noman auduga da cinikin bayi na cikin gida suka bazu har yammacin kogin Mississippi.

An sake ganin irin wannan a yaƙin 1812?

An sake gani kusan sak a wannan yaƙi na biyu tsakanin Amurka da Ingila. Ranar 2 ga Afrilun 1814 Admiral Alexander Cochrane, kwamandan sojojin ruwan Ingila, ya yi shelar karɓar duk wanda ke son barin Amurka, ya shiga soja ko a kai shi wani yankin Ingila a matsayin ɗa. Kimanin bayi 4,000 suka tsere a tsawon yaƙin, yawancinsu daga Virginia da Maryland. An horar da ɗaruruwa a tsibirin Tangier a matsayin sojojin ruwa, kuma suna cikin rundunar da ta ci nasara a Bladensburg ta ƙone gine-ginen gwamnati a birnin Washington a Agustan 1814. Bayan yaƙi an zaunar da waɗannan sojojin ruwa a kudancin Trinidad a 1816, inda zuriyarsu ke nan har yau.

Janar Andrew Jackson, wanda shi ma mai gandu ne da bayi, ya nemi 'yantattun baƙaƙen Louisiana da alkawarin albashi da fili daidai da na Turawa, kuma bataliyoyinsu biyu sun tsaya a sahu a yaƙin New Orleans ranar 8 ga Janairun 1815, a bayan katangar da bayi suka taimaka wajen ginawa. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, bisa umarnin Jackson, sojojin Amurka suka shiga Florida ta Sifaniya suka far wa wata ganuwa a bakin kogin Apalachicola da Ingilishi suka bar wa bayin da suka gudu. Ranar 27 ga Yulin 1816 harsashin igwa ya faɗa ma'ajiyar albarushi, mutane kimanin 270 suka mutu, maza da mata da yara, aka mayar da waɗanda suka tsira bauta.

Maganar waɗanda suka bi Ingilishi kuwa ta ɗauki shekaru ana jayayya, har aka kai ta gaban Sarkin Rasha Alexander na ɗaya domin ya yi sulhu, ya yanke hukunci a 1822 cewa Amurka na da haƙƙin diyya. A yarjejeniyar 1826 Birtaniya ta amince ta biya dala 1,204,960, aka raba kuɗin ga iyayengijin da bayinsu suka gudu.